Abin da Yatsa Ke Ji: Zaɓen Makunnan Kibod a Birnin Sabha

Kowace sana'a tana da kayan aikin da mai ita ba ya yarda wani ya zaɓar masa. Manomi kan aiki yaro kasuwa ya sayo gishiri, amma ba ya aikensa sayen ƙotar fartanya, domin shi kaɗai ya san tsawon hannunsa da inda bayansa yake ƙagewa idan ya sunkuya. Alaramma ma da kansa yake fere alƙalaminsa, ya gwada bakinsa a kan allo, ya sake ferewa har sai tawada ta sauka yadda yake so. Mu kuwa da rubutu a kwamfuta ya zama hanyar abincinmu a nan birnin Sabha, kayan aikinmu shi ne allon madannai, wanda aka fi sani da kibod. Da muka fara harhaɗa namu da hannunmu, sai muka tarar cewa duk cikin sassansa babu wanda ya kai wani ɗan abu da ido ba ya gani muhimmanci, wato makunnin da ke ɓoye a ƙarƙashin kowane madanni.

Kafin mu kai ga makunnin, ya kamata mai karatu ya san inda muke, domin wurin zaman mutum yana da ta cewa a kan irin kayan aikin da zai dace da shi. Sabha ita ce babban birnin yankin Fezan, kimanin kilomita 640 kudu da Tarabulus, a tsakiyar rairayin Sahara. Nan ne hanyar da ta taso daga Kano da Damagaram, ta bi ta Agadas da Dirku da Madama da Gatrun, take sauke matafiya. Hausawa ba yau suka fara sanin wannan yanki ba, kamar yadda fataken Gadamas da na Tarabulus ba yau suka fara sanin Dandalin Turawa na Kano ba. A cikinmu akwai wanda aka haifa a nan, akwai wanda karatu ya kawo, akwai wanda neman abinci ya kawo. 'Yan tsiraru daga cikinmu ne muke wuni a gaban kwamfuta, wani yana buga wa mutane takardu a shago, wani yana fassara, wani kuma yana juyar da maganar dattawa da aka ɗauka a waya zuwa rubutu.

Matsalarmu ta farko ita ce hannu ɗaya ne yake yi wa tsarin rubutu uku hidima. Takardun hukuma a Libiya da Larabci ake yinsu, don haka kibod ɗin da ake sayarwa a nan yana ɗauke da baƙaƙen Larabci tare da na boko a jerin Ingilishi, wanda ya fara da Q, W, E. Ɗan'uwanmu da ya yi makaranta a Maradi ko Tawa kuwa jerin Faransanci ya koya, wanda ya fara da A, Z, E. Sannan ga Hausa, wadda ba a buga ɓ da ɗ da ƙ ɗinta a kan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya sa allo ɗaya yake iya ɗaukar duka ukun shi ne, kibod ba ya aika harafi, lambar gurbin da aka danna kawai yake aikawa, kwamfuta ce take yanke hukuncin harafin da za ta fitar gwargwadon tsarin da aka zaɓa mata. Ke nan abin da aka rubuta a kan madannai sau da yawa ba shi ne abin da zai fito a fuskar kwamfuta ba. Wanda ya saba da wannan hali yakan daina kallon hannunsa. Idan aka haɗa da ɗaukewar wutar lantarki da takan yi tsawo a lokacin zafi, inda mutum zai ƙarasa aiki cikin duhu da ragowar batir, sai a ga cewa dogaronmu ya koma kan yatsu. Hausawa suka ce jiki magayi, to, mu yatsa ne magayinmu.

Batun ɓ da ɗ da ƙ yana da tarihin da ya ratsa ta wannan yanki namu. A shekarar 1906 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya ƙetare Sahara daga Tarabulus, ya bi ta Fezan da Murzuk, ya sauka Borno. Shi ne ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko a 1912. A wancan zamani an yi ta gwada dabaru don bambance waɗannan sautuka, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya rataya masa waƙafi a sama. Sai a shekarun 1930, lokacin da Rupert East yake jagorantar hukumar fassara da talifi a Zariya, haruffa masu lanƙwasa suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a watan Janairun 1939 ta kai su lungu da saƙo. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya ƙara musu gindin zama. Amma injin rubutu bai jira mu ba. Tafiretar da kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874 don Ingilishi aka tsara ta, kuma jerin haruffanta ne kwamfuta ta gada. Shi ya sa akawu na da yakan buga takarda ya gama, sannan ya bi ta da biro yana yi wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce ai ko babu ƙugiya Bahaushe yana gane abin da ake nufi. Gaskiya ne ga wanda ya tashi a Katsina ko Sakkwato, inda Hausa take shiga kunnensa daga asuba zuwa dare. Yaron da aka haifa a Sabha kuwa da Larabci yake karatu, da Larabci yake wasa a titi, Hausa a bakin iyaye kawai yake jin ta, rubutunta kuma a waya yake fara gani. Idan muka rubuta masa kaya alhali ƙaya muke nufi, ko kafa a gurbin ƙafa, ko da a gurbin ɗa, ba shi da rumbun kalmomin da zai gyara mana kuskuren a zuciyarsa, abin da ya gani shi zai furta. Kalmar baƙi kanta ta isa misali: launi ce, jam'in baƙo ce, sunan harafi ce, amma da zarar ƙugiyar ta faɗi sai ta koma baki. Magabatanmu masu ajami ba su yi sakaci da wannan bambanci ba, sun aro ق don ƙ, suka aro ط don ɗ. Bai kamata mu da muke da injin da ya fi nasu sauri mu gaza su kula ba.

A yau haruffan nan duk suna cikin Unicode, wato kundin da ya bai wa kowane harafi na duniya lambarsa, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya take rubuta 'y. Windows tana da tsarin kibod na Hausa, manhajar Keyman ma tana ba mutum dama ya tsara nasa. Sai dai a mafi yawan tsare-tsaren, kafin ƙ ta fito sai an riƙe madanni ɗaya an danna na biyu. Idan yatsan da ke riƙe ya saki da wuri ko bai kai ba, k ce za ta fito, kuma mai saurin bugu ba zai lura ba, domin k da ƙ a ƙaramin rubutu kamar Hasan da Husaini suke. A nan ne batun makunni ya daina zama na 'yan ƙwalisa a wurinmu.

Kibod na gama-gari shimfiɗar roba ɗaya ce a ƙarƙashin dukkan madannai, kuma harafi ba ya fita sai an danne robar har ƙasa. Idan ta tsufa sai ta yi laushi a wani wuri ta yi tauri a wani, idan gurbi ɗaya ya mutu an yi asarar allon gaba ɗaya. Wanda muke harhaɗawa kuwa kowane madanni da makunninsa: ɗan akwati ne mai sanda a tsakiya, da sifirin a ƙarƙashinta, da ƴan siraran ƙarafa biyu da suke haɗuwa idan sandar ta sauka. Ƙirar da ta fi yaɗuwa ita ce MX ta kamfanin Cherry na Jamus, wadda ta fito a farkon shekarun 1980. Sandarta tana tafiyar milimita 4 daga sama zuwa ƙasa, amma harafi yana fita tun a wajen milimita 2, wato a rabin hanya. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanonin ƙasar Sin irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga yin irinta, farashi ya sauko, iri kuma ya yawaita.

Duk yawansu gida uku ne. Akwai mai santsi, wanda sandarsa take sauka sumul ba tare da wata alama ba, kamar MX Red mai buƙatar nauyin kimanin giram 45. Akwai mai ƙara, irin MX Blue, wanda aka sa masa wani ɗan hannun riga da yake ɗaukar ƙarfi ya saki da ƙyas a duk dannawa. Sai na uku, mai tudu, wanda aka yi wa ƙafafun sandarsa ɗan kumburi. Idan sandar tana sauka, kumburin yakan tokari siririn ƙarfen, yatsa ya ji turjiya, sannan ya ji ta sake, kuma daidai wannan sakewa ko dab da ita ne harafi yake fita. Ba ya ihu, amma yana gaya wa yatsa cewa saƙo ya isa.

Mai ƙara shi ne ya fi burge wanda ya taso da jin tafireta, kuma a faɗar gaskiya yana da daɗin bugu. Abin da ya raba mu da shi zaman tare ne. Da yawa daga cikinmu ɗaki ɗaya muke kwana da 'yan'uwan da suka wuni a gini ko a gonar dabino, kuma saboda zafin rana da dare aka fi yin aikin rubutu. Wanda ya ɗauki bulo tun hantsi yana da haƙƙin barci, bai dace ya kwana yana ƙirga haruffan wani ba. Mai santsi kuma an fi son sa a wajen masu wasannin kwamfuta, waɗanda suke so madanni ya sauka ya tashi ba tare da komai ya tare shi ba. Ga mai rubutu da ba ya kallon hannunsa, santsin nan kurma ne: ba ya faɗin lokacin da harafi ya fita, sai mutum ya riƙa dukan kowane madanni har ƙasa don ya tabbata, gaɓoɓin yatsu kuma su ne suke biyan kuɗin da yamma. Saboda haka muka tsaya a kan mai tudu.

Sai dai shi ma mai tudu hawa-hawa ne, kuma a nan zaɓen yake da wuya. MX Brown, wanda ya fito a 1994 kuma ya fi kowane yaɗuwa, tudunsa ƙanƙane ne, ƙololuwarsa kimanin giram 55. Masu sukar sa sukan yi masa ba'a cewa mai santsi ne da yashi ya shiga cikinsa. A wasu ƙasashe wannan raha ce, a Sabha kuwa bayanin abin da yake faruwa ne. Iskar gibli idan ta taso daga kudu takan shigo da ƙura mai laushi kamar garin tuwo ta kowace kafa, ko an rufe ƙofa da taga. Makunni idan ya sha wannan ƙura sai ya fara gurzawa, kuma tudun da dama can ƙarami ne sai ya ɓace cikin gurzar, yatsa ya kasa bambance wanne ne alamar harafi wanne ne yashi. Don haka muka fi karkata ga masu tudu bayyananne. MX Clear yana kaiwa kimanin giram 65, tudunsa a fili yake, amma sifirinsa yana ƙara tauri a ƙasa, wanda hakan yake hana yatsa dukan faranti, ko da yake yakan gajiyar da mai ƙananan hannu. Boba U4 yana da tudu mai faɗi da yake farawa tun daga sama, an kuma sa masa ɗan matashi na roba da yake shanye ƙara, shi ya sa ya dace da ɗakin da ake barci. Kailh Box Brown kuwa an kewaye sandarsa da katanga, an kuma killace ƙarafan haɗuwar a wani ɗan ɗaki nasu, domin a rage abin da ƙura take iya kaiwa gare su.

Ƙurar nan ita ce kuma ta koya mana taka-tsantsan da maiko. Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sukan buɗe kowane makunni su shafa masa giris irin Krytox ko Tribosys don ya yi laushi. Abu biyu ne mai makunni mai tudu zai kiyaye. Na farko, kada maiko ya taɓa ƙafafun sandar inda kumburin yake, domin zai lallashe tudun, mutum ya wayi gari ya mayar da mai tudu mai santsi da kuɗinsa da wahalarsa. Na biyu, duk inda maiko ya yi yawa a ƙasar rairayi tarkon ƙura ne, kowane bakanike a garin nan ya san yadda giris da yashi suke haɗuwa su cinye ƙarfe. Kaɗan ya isa, a sifirin da gefen sanda. Bayan haka a samu ƙyalle mai kauri a riƙa lulluɓe allon duk lokacin da aka tashi, wannan ya fi kowane maiko tsawaita rai.

Wani abin da zama a nesa da manyan kasuwanni ya wajabta mana shi ne zaɓen faifan lantarki mai gurabe, wanda ake cusa makunni a zare shi ba sai an liƙa da dalma ba. Idan makunni ɗaya ya fara maimaita harafi ko ya ƙi amsawa, a cikin minti ɗaya an zare shi an sa wani. Shi ya sa ko da yaushe ake sayen makunnai fiye da adadin madannai, a ajiye rara. Wannan tsari yana kuma ba da damar gauraya iri. Ƙaramin yatsa bai kai manuni ƙarfi ba, don haka ana iya sa masa makunnai masu sauƙi. Madannin tazara, wanda babban yatsa yake kwanciya a kai, yana son mai nauyi don kada ya danne kansa. Madannin da ake riƙewa a fitar da ɓ da ɗ da ƙ kuwa shi muka fi ba tudu mai ƙarfi, domin yatsa ya ji tabbas ya shiga, ya kuma ji lokacin da ya fita. Wanda yake rubutun Hausa zalla yana iya guje wa riƙewar ma gaba ɗaya, ya ɗora haruffa masu ƙugiya a gurbin q da v da x, waɗanda kalmominmu na asali ba sa buƙata.

Girman allon ma yana shafar lissafi. Cikakken kibod madannai 104 ne ko 105, wanda aka yanke masa ɓangaren lambobi 87 ne ko 88, ƙaramin da matasa suke yayi kuma 61. Ƙaramin yana da araha tunda makunnansa ba su da yawa, amma mai rubutun Larabci ya lura: harafin ذ yana zaune ne a kusurwar sama ta hagu, gefen lamba 1, kuma a yawancin ƙananan alluna an ba madannin Esc wannan gurbi. Wanda yake buga takardun hukuma kullum zai ji a jikinsa.

Duk wannan bayani ba zai maye gurbin taɓawa ba, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Lambobin da kamfani yake bugawa suna faɗin nauyi, ba sa faɗin ko tudun zagaye yake ko mai kaifi, ko a sama yake ko a tsakiya. Abin da muke yi shi ne, idan wani zai yi odar kaya ko zai dawo daga Tarabulus, sai a haɗa kuɗi a sayo 'yan ƙwayoyi daga kowane iri, a dasa su a faifai ɗaya, ya riƙa zagayawa hannu-hannu. Dannawa ɗaya ba ta isa hukunci ba. Makunnin da ya burge mutum a minti na farko yakan zama wanda zai gajiyar da shi a shafi na goma, don haka kowa yakan riƙe faifan kwana biyu ko uku yana buga aikinsa na yau da kullum. Kuma ba a taɓa samun ranar da ra'ayinmu ya zo ɗaya ba. Wanda ya yi shekaru yana dukan tafireta yana ganin giram 65 wasa ne, ɗalibar da ta koyi bugu a kwamfutar cinya kuma tana ganin azaba ne. Dukansu suna da gaskiya, tunda hannuwansu ba ɗaya ba ne.

Mun san akwai mai tambaya: a garin da 'yan'uwanmu da yawa suke fama da kuɗin haya da na aikawa gida, ina dalilin ɓata lokaci a kan sifirin da tudu? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce wannan kaya ba na kowa ba ne. Wanda rubutunsa bai wuce saƙon gaisuwa ba, wayarsa ta ishe shi, ya sa tsarin Hausa a Gboard, zai samu haruffansa. Maganarmu da wanda yake buga dubban kalmomi a rana ne, wanda idan wuyan hannunsa ya kumbura tukunyar gidansa ce za ta huce. Irin wannan mutum idan ya lissafa alluna nawa na roba ya saya ya jefar a shekara biyar, zai ga cewa araha ba ta ado. Kuma ba dole ne a sayi mafi tsada ba, makunnan Gateron da Outemu masu tudu suna aiki lafiya, farashinsu kuma da sauƙi.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne hulunan madannai. A kasuwannin da muke iya kaiwa ana samun masu Larabci, ana samun masu Faransanci, amma mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sai dai mutum ya liƙa takarda ko ya zana da alƙalamin fenti, gumi kuma ya goge shi cikin wata guda. Mu manya mun haddace gurabensu, amma yaron da yake koyo yana buƙatar ya ga harafinsa a gabansa kafin yatsansa ya san hanya. Ajami ma yana jira: akwai tsarin haruffa mai suna Alkalami da ƙungiyar SIL ta fitar bisa salon rubutun Kano, saura allon da aka buga baƙaƙen a kansa. Muna kira ga masu sana'ar zane da buga tambari a Kano da Zariya da Maradi, waɗanda suke iya sa suna a kan kofi da biro da makulli, su duba wannan giɓi. Sandar MX mai kan gicciye iri ɗaya ce a ko'ina, hular da aka yi a Sabon Gari za ta zauna daram a kan makunnin da ke Sabha. Duk wanda ya fara, ya sanar da mu, ayarin da ke hawowa ta Agadas ba ya rasa mai kawo saƙo.